Sai Mai Filayar Ta Zo

Maigidana mutum ne da in ka miƙa masa waya sai ka rantse garwashi ka ɗora masa a tafin hannu. Zai karɓa, ya ce, "Lafiya? To, madalla. Ga mamanki," ya miƙo mini, ya fice tsakar gida ya kama gyaran abin da bai lalace ba. Haka yake yi wa autarmu tun ranar da ta bar gidan nan. Wanda bai san shi ba sai ya ce bai damu da ita ba. Ni kuwa na san kayana. Da kewa tana kisa, da tuni an zo yi mini ta'aziyya.

Auta mai gyaran wutar lantarki ce. Yayyenta duk suna kusa da mu, kowa da gidansa, in na yi tari da ƙarfi ma sai wani ya leƙo. Ita kaɗai ce ta yi nisa. Wani kamfani mai saka wayoyin wuta a manyan gine-gine ya ɗauke ta, ya kai ta wani birni da sai mota ta kwana a hanya kafin a isa. Da za ta tafi ta ce da an ba ta hutun farko za mu gan ta. Hutun farko ya zo aka ce aiki ya yi yawa. Na biyu ya zo aka ce wanda zai riƙe mata ya yi rashin lafiya. Tun ina lissafi har na bari, don lissafin ba abin da yake ƙara mini sai ciwon kai.

Ni dai ina ganinta a waya. Takan kira ni ta hoto, in ga fuskarta, in yi mata faɗan rama, ta yi dariya ta ce wayar ce take tsotse mutum. Shi kuwa Malam ko da wasa bai taɓa yarda ya kalla ba. Da ya ji muryarta ta cika ɗaki sai ya juya baya, ko ya tuna akwai abin da ya manta a waje. Na taɓa tsare shi na ce, "Wai kai wane irin mutum ne? 'Yarka ce fa, ba mai binka da sammaci ba."

Ya ce, "In na kalle ta a gilashi, za ta ce ai mun ga juna. Shi ke nan an gama."

Na ga inda maganar ta dosa, kuma ban tabbata ƙarya yake yi ba.

Shi mayankin fata ne. A kamfanin takalma ya ƙare ƙuruciyarsa, yana tsaye gaban tebur da wuƙa, har ranar da suka kawo injin da yake yanka ba ya zuwa cin abinci, suka yi masa godiya suka sallame shi. Zaman gida bai karɓe shi ba ko kaɗan. Ya gyara ƙafar kujera, ya sake gyara ta, ya koma yana koya mini yadda ake shanya wanki, ni da nake wanki tun kafin ya san inda ake sayar da sabulu.

Wata rana da hantsi na shiga ɗakin Auta zan yi shara, na tarar da shi zaune a bakin gadonta da tsohuwar filayarta a hannu. Ita ce wadda ta koyi aiki da ita, ta bar ta rataye a ƙusa saboda kamfani ya ce zai ba su sabbin kaya. Tun tana koyo ya ɗinka mata kube na fata, irin wanda ake saƙalawa a bel, filaya ta zauna a ciki, ga ɗan aljihu a gefe na sukundireba. Da kuben ta tafi, filayar ta bari. Ya ɗago ya dube ni kamar wanda aka kama da hannu a tukunya, ya ce, "Tsatsa take yi." Ni dai ban ga tsatsa ba, amma na ce haka ne.

Da yamma ya jawo buhun guntayen fatar da ya daɗe yana ajiya a ƙarƙashin gado. Ya sa na ɗumama masa ruwa. Ya tsoma fata a roba ya zauna yana kallonta har ta daina fitar da ƙananan kumfa, ya naɗe filayar a leda, ya lulluɓa mata jiƙaƙƙiyar fatar, sannan ya shiga dannawa yana bin kowane lungu na ƙarfen har siffar filayar ta fito ɓaro-ɓaro ta waje. Abin dannawar kuwa cokalina ne, babban nan mai kauri da nake ji da shi. Har yau bai dawo kicin ba. Da fatar ta sha iska a inuwa ta yi tauri, ya huda da basilla, ya ɗinke da allura biyu da zare mai kaki, ya goge bakin har yana ƙyalli.

Na ce ya yi kyau. Kuskurena ke nan. Washegari ya yi wani. Jibi ya yi wani. Kafin in farga, kube ya cika kan tebur, ya hau kan taga, ya gangaro cikin kwandon albasa. Duk ɗaki warin fata da kaki. Ya yi ya ajiye, ya yi ya ajiye, ba wanda ya sa shi, ba wanda yake jira.

Na ce, "Malam, ko dai a sayar da su, ko ni in koma kwana a waje, don gidan ya yi mana kaɗan."

Ya ce shi ba ɗan kasuwa ba ne. Na ce na sani, ai shi ya sa na aure shi da ido a buɗe. Na yafa mayafina na tafi wajen mai shagon kayan wuta na bakin titi, wanda masu gyara suke taruwa a ƙofarsa kowace safiya suna sayen waya da kwan fitila suna gulmar 'yan kwangila. Mutumin kirki ne, ya san Auta tun tana zuwa sayen salatif. Ya ce Baba ya kawo bencinsa ya zauna a gefen ƙofa, inuwa ba ta kowa ba ce.

Haka aka fara. Benci ɗaya, katako ɗaya da ya bubbuga wa ƙusoshi ya rataye kayan, sai robar ruwa da cokalina. Ranar farko na bi shi wai in taya shi ɗauka, amma gaskiya so nake in ga yadda mutumin da ba ya iya ce wa maƙwabci ina kwana sau biyu zai yi talla. Ya zauna ya harɗe hannu ya ɗaure fuska. In ka gan shi sai ka ce gadin kayan aka ba shi kada a saya.

Duk da haka fatar ta ja ido. Wani ƙato mai gyaran injin ruwa ya tsaya, ya ciro ɗaya, ya shinshina, ya ce wannan fata ce ta gaske. Ya kwance bel ɗinsa ya zura kuben a ƙugunsa na dama, ya saka filayarsa. Sai ya kai hannu zai zaro, hannun ya wuce. Ya sake kaiwa, ya murɗe wuyan hannu, ya karkace kafaɗa, da ƙyar ya ciro ta.

Ya ce, "Baba, wannan ai sai na yi kamar mai sosa baya kafin in samu kayan aikina."

Ya gwada wani, haka. Ya gwada na uku, haka. Duk sun karkata baya, aljihun sukundireba ya koma inda hannu ba ya kaiwa, maɓallin kuma yana buɗewa ta wajen da ba a so. Masu gyara suka taru kowa yana gwadawa, ana ta dariya. Malam ya karɓi ɗaya yana jujjuya shi, gumi ya karyo masa. Ni ce na fara ganewa. Auta bahaguwa ce. Kuben da ya taɓa ɗinkawa a duniya nata ne, kuma hannunsa bai san wani ƙugu ba sai nata. Duk wannan tarin da ya cika mini ɗaki, mutum ɗaya ya yi ta ɗinka wa.

Na yi dariya har na riƙe ciki, na zauna a bencin ina share hawaye. Can na lura dariyar ta ƙare amma hawayen bai tsaya ba, sai na ja mayafi na ce rana ce ta dake ni, na kama hanyar gida.

Na ɗauka kasuwa ta mutu a ranar da aka haife ta. Ashe ba haka ba. Bayan 'yan kwanaki wani siririn mutum mai gyaran fanka ya zo sayen waya, mai shago ya ce masa cikin tsokana, "Kai Bahago, ga naka can an ɗinka tun ba ka zo ba." Mutumin ya saƙala a hagu, ya kai hannu, filaya ta faɗo masa a tafi kamar tana jiransa. Malam ya ba ni labari da daddare... a'a, da la'asar ne, yana wanke ƙafa, ya ce mutumin ya gaya masa tun da ya fara aiki bai taɓa samun abin da aka yi dominsa ba, almakashi ma sai ya yi kokawa da shi. Ya sayi ɗaya, ya koma ya dawo da wani ɗan'uwansa a hagunci. Ban taɓa sanin garin nan yana da bahagwai haka ba sai da Malam ya kafa benci. Masu walda, masu gyaran waya, wata mata mai yankan furanni a wani lambu, har da wani mahauci da ya zo neman na wuƙa. Sukan tsaya a gabansa suna hira kamar 'yan gida ɗaya da suka ɓace wa juna.

Na dama ma suka dawo, suka ce su ma ai mutane ne. Daga nan Malam ya kafa dokarsa, don kunyar ranar farko ba ta sake shi ba. Ya ce ya daina ɗinka kube a ajiye. Mai so ya kawo ƙarfensa da kansa, ya tsaya a gabansa a auna shi, ya bar ƙarfen ya kwana a cikin fata. Ba aike, ba kwatance. Wani ɗan kwangila ya turo direbansa da jaka cike da filaya, Malam ya mayar da shi, ya ce masu hannun su zo. Na ce masa wannan taurin kai zai kore mana arziki. Ya ce arzikin da ba ya iya takowa da ƙafarsa ya sha zamansa. Abin haushi, sai mutane suka ƙara son shi saboda dokar.

Ba wani abin kirki ake samu ba, kada in cika baki. Amma ya isa ya sayi fata mai kyau, ya isa ya shigo da ɗan burodi da yamma yana ajiyewa a tebur ba tare da ya kalle ni ba. Ya daina koya mini shanya. Har tsawon wuyansa ya dawo.

Ni ce na ba Auta labari, na haɗa da na ƙaton nan mai sosa baya. Ta yi dariya har wayar ta faɗi daga hannunta, na ga rufin ɗakinta. Da ta ɗauka ta ce, "Mama, ai ni ma ina cikin layi. Nawa ya mutu, ɗinkin ya farke, da waya na ɗaɗɗaure shi. Kuma filayar da nake riƙewa yanzu ta fi shi girma. Ki ce wa Baba ya yi mini sabo."

Yana tsakar gida, ya ba mu baya, wai yana duba famfo. Na san kunnensa yana ɗaki. Na ɗaga murya na maimaita masa. Ya daɗe bai juyo ba, sannan ya ce, "Ki gaya mata doka doka ce. Ta kawo filayar, ta tsaya a auna ta."

Auta ta ji. Ta ce, "Har ni, Baba?"

Ya ce da famfo, "Har ke."

Ta ce to, za ta nemi hutu, wannan karon da gaske.

Wannan "da gaske" ita ta hana mu zama lafiya. Malam ya tafi wajen masu jima da kansa, ya wuni yana zaɓe, ya dawo da wata fata ta kafaɗar bijimi, mai kauri, launin zuma, ba tabo ko ɗaya. Ya naɗe ta a tsohon zanena ya ɗora a saman kwaba, ya ce kada wanda ya taɓa. Ya fitar da katifar Auta ya shanya. Makunnin fitilar kicin ya lalace, in ka taɓa sai ya yi tartsatsi, ga masu gyaran wuta suna kewaye da shi kullum, kowa yana cewa Baba bari in leƙa in duba, ya ce a'a, akwai mai gyara tana hanya. Ni nake shiga kicin da bismillah ina danna makunni da muciya. Ban yi ƙorafi sosai ba, don ni ma na fara tanadin abin da zan dafa mata, ina sauyawa kullum.

Sai ga wani direban babbar mota a ƙofar gida, wani dogo mai yawan gaisuwa, wanda yake kai wa kamfaninsu kaya. Na leƙa bayansa ina neman wadda ya ɗauko. Ba kowa. Ya miƙo ƙunshi, ya ce Injiniya ta ce a ba Baba hannu da hannu, ta ce a yi haƙuri, hutun bai samu ba.

Malam ya kwance ƙunshin a kan benci. Filaya ce babba mai jan hannu, naɗe cikin wata tsohuwar rigar aikinta. Ya ɗaga ta ya auna nauyinta. Ya bi robar hannun da babban yatsa, ya tsaya inda ta lotsa ta yi santsi, wurin da yatsunta suke zama. Ya ce, "Tana matsawa da yawa. Tun tana ƙarama nake gaya mata." Ya buɗe ya rufe, ya buɗe ya rufe. Ni kuwa rigar na ɗauka na shige ɗaki, na kulle ƙofa, don ban ga dalilin da zai sa wani direba ya ga tsohuwa tana shinshina tsumma ba.

Na zaci washegari zai jiƙa fata. Bai jiƙa ba. Ya rataye filayar a ƙusar ɗakinta kusa da tsohuwar, ya ci gaba da fita bencinsa. Mako ya wuce. Na yi magana, ya ce rabin doka aka cika. Wani makon ya wuce. Na kira Bahago mai gyaran fanka ya gyara mini makunnin kicin da rana tsaka, Malam ya dawo ya danna ya ga ba tartsatsi, ya ƙi cin abinci. Na ce kada Allah ya sa ya ci, ni ba zan mutu a kicin saboda kafiyar wani ba.

Auta ba ta taɓa tambayarsa kai tsaye ba. Ni take ce wa, "Mama, ana ciki?" in ce ana ciki. Sai ranar da ta kira ba ta hoto ba, muryarta a ƙasa. Ta ce aro take yi wajen abokan aiki, har an fara yi mata kallon banza. Sannan ta faɗi abin da ta kira ta faɗa. Aikin nan ya kusa ƙarewa, kamfani ya samu wani a wata ƙasa, can gaba, kuma sunanta yana cikin masu tafiya. Daga nan za su wuce, ba za a saki kowa ba. Direban nan zai biyo ta garinmu sau ɗaya kafin su tashi.

Ta ce, "In Baba ba zai yi ba, a maido mini da filayar kawai. Ba komai. Na so dai in tafi da abin da hannunsa ya taɓa."

Na ajiye wayar na same shi a tsakar gida yana wasa wuƙa. Ban san lokacin da muryata ta tashi ba. Na ce masa yarinya tana can tana bara da hannu saboda shi. Na ce ya riƙe mata kayan aiki kamar wanda ya kama akuyar maƙwabci. Na ce, "Kai kaɗai ka haife ta? Kai kaɗai kake kwana da ita a rai? Ni dutse ce? Ba za ta zo ba, Malam. Ba ƙi ta yi ba, ba za ta samu ba ne. Gaba ma za su ƙara."

Ya tsayar da wuƙar. Bai ɗago ba. Ya ce, "Na ji ai. Bangon ba shi da kauri."

Na ce, "To me kake jira?"

Ya ce, "In na ɗinka na aika, me ya rage da zai kawo ta?"

A shekarun da muka yi tare ban taɓa jin ya faɗi abin da ke cikinsa tsirara haka ba. Duk faɗan da na tanada ya tsere mini. Na zauna a ƙasa kusa da shi, ni da gwiwata mai ciwo, muna kallon dutsen wasa wuƙa. Tausayinsa ya kama ni, da tausayin kaina, da haushin wannan yarinya da ta tashi da hannu mai kyau har duniya ta gan ta ta ɗauke.

Washegari bai fita benci ba. Na ji shi yana sauko da fatar daga saman kwaba. Ya yanka, ya ɗumama ruwa da kansa, ya tsoma. Ya ɗauko jar filayar ya naɗe a leda. Da rana ta take, lokacin da na san suna hutun cin abinci, ya shimfiɗa jiƙaƙƙiyar fatar a cinyarsa, ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Ki ce wa direban ya biyo. Kuma ki kira ta. Mai hoton."

Na kira kafin ya sake shawara. Ta ɗauka da cokali a baki, jar hular kwano a kanta, bayanta bangon siminti da wayoyi suna reto. Na ce, "Ga babanki," na juya wayar na riƙe masa a gaban fuska.

Ta cire cokalin a hankali. Shi kuma ya matso, ya ja baya, ya sake matsowa, yana ƙifta ido.

Ta ce, "Baba, ina wuni."

Ya ce, "Mene ne wannan a haɓarki?"

Ta shafa wurin kamar ta manta da shi. "Wannan? Tsani ne ya zame da ni. Ai ya daɗe, Baba, tun shekarar farko."

Tabon ya warke har ya yi fari. Ni na san da shi, ni na ɓoye masa. Ya gyara murya ya koma baduku.

Ya ce, "Ajiye wayar inda zan gan ki duka. Ja baya. Ƙara. Bel ɗin nan da shi kike aiki?"

"Da shi."

"Saki kafaɗa. Rufe ido. Kina kan tsani, hannun dama yana riƙe da wayar wuta. Ɗauko filaya."

Ta jingina wayar da wani abu, ta tsaya tsakiyar ɗakin da ba a gama ba, ido a rufe, ta kai hannun hagu ƙugunta. Ya ce ta bar hannun a nan, ta buɗe ido, ta ƙirga yatsu daga ƙashin ƙugu zuwa inda ya sauka. Ta faɗa masa. Ya ɗaga kai alamar ya ji.

Na sha ganin yana auna mutane. Sau ɗaya yake sa su, in mutum mai rawar kai ne ya sa shi ya maimaita, shi ke nan.

Ya ce, "Sake."

Ta sake.

"Kin ɗaga kafaɗa. Sake."

Ba ta ɗaga komai ba, ina kallo. Ta rufe ido ta sake. Ya ce ta juya gefe. Ya ce ta durƙusa kamar mai aiki a ƙasa, ta miƙe, ta taka zuwa bango ta dawo. Ya ce ta cire hular, wai tana canja mata tsayuwa. Hannunta kullum wuri ɗaya yake sauka, ko makaho ya gane. Can na lura ta gane ita ma. Duk lokacin da ya ce sake, sai ta runtse ido ta daɗe kafin ta kai hannun, ta ba shi lokaci. Abincinta yana gefe yana hucewa.

Wani ya ƙwala kira daga nesa, ƙarar injin ta tashi. Ta matso kusa har fuskarta ta cika gilashin.

"Baba, an koma aiki."

Ya ce, "Ban gama gani ba."

Ta dubi gefe, ta share hanci da bayan hannu. Ta ce, "To ba zan kashe ba. A nan zan yi aiki. Ka duba yadda nake yi, sai ka san inda za ka sa shi."

Ta mayar da hular, ta jawo tsani tsakiyar ɗakin, ta hau. Kanta ya fita daga gilashin, sannan kafaɗunta, sannan ƙugun da aka gama aunawa. Abin da ya rage mana takalmanta ne a kan matakala, manya, sun sha ƙurar siminti, wani lokaci ɗaya ya ɗaga dunduniya, wani lokaci guntun waya ya faɗo ta gefensu. Muna jin ta tana ce wa wani ya miƙo mata aron filaya.

Malam bai motsa ba. Fatar da ke cinyarsa ta fara yin fari ta gefe-gefe, cokalin yana ƙasa bai ko ɗauka ba.

Na ce a hankali, "Malam, fatar tana bushewa."

Ya ce, "A sake jiƙawa. Ke dai ki riƙe wayar da kyau."